Kora Daga Aiki Ba Bisa Ƙa'ida Ba: Ina Ma'aikaci Zai Kai Kukansa?

Daga Wakilinmu

Dattawan ma'aikatan gwamnati waɗanda suka ga shekarar 1975 har yanzu ba su manta da kalmomin nan biyu ba, watau "nan take". A watannin da suka biyo bayan hawan Janar Murtala Muhammed kan mulki ran 29 ga Yuli na wannan shekara, mutum yakan fita daga gida da safe yana Babban Sakatare ko shugaban sashe, kafin la'asar ya ji sunansa a rediyo cikin jerin waɗanda aka kora ko aka yi wa ritayar dole nan take. Fiye da ma'aikata 10,000 ne wannan guguwa ta yi awon gaba da su, tun daga alƙalai da malaman jami'a har zuwa akawuna da masinjoji. Hatta Babban Jojin Nijeriya na lokacin, Dokta Taslim Elias, bai tsira ba.

Babu mai musun cewa akwai ɓata-gari a cikinsu, jama'a kuwa sun yi ta tafi a lokacin. Amma akwai kuma waɗanda ƙiyayyar ofis da takardun ƙorafi marasa sa hannu suka ci, ba a tambaye su ko kalma ɗaya ba. Masana harkar mulki da yawa sun danganta lalacewar aikin gwamnati da wannan shekara, domin tun daga ranar ma'aikaci ya gane cewa kujerarsa ba ta da tabbas, sai ya shiga yi wa kansa tanadin gobe ta kowace hanya.

Yau ba a karanta sunaye a rediyo, amma takardar sallama ba ta daina fita ba, a ma'aikatun gwamnati da bankuna da masana'antu da makarantun kuɗi. Abin takaicin shi ne akasarin waɗanda ake miƙa wa wannan takarda sukan naɗe ta su sa aljihu su ce haka Allah ya ƙaddara, alhali kuwa doka ta tanadar musu haƙƙoƙi waɗanda ba su taɓa jin labarinsu ba.

Kora Daban, Sallama Daban

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya fahimta shi ne a wurin shari'a kora daban take da sallama. Sallama ita ce a kawo ƙarshen yarjejeniyar aiki bisa sharuɗɗan da aka ƙulla, a ba mutum notis ko kuɗin notis, a biya shi haƙƙoƙinsa, ya tafi da mutuncinsa ya nemi wani aikin. Kora kuwa hukunci ce a kan laifi, kamar sata ko rashin biyayya mai tsanani ko ƙaurace wa aiki ba dalili. Wanda aka kora yakan yi asarar akasarin haƙƙoƙinsa, sa'an nan tabon ya bi shi duk inda ya je neman aiki. Saboda nauyin wannan hukunci ne kotuna suka dage cewa duk wanda ya kori ma'aikaci a kan wani laifi da ya ambata, to, wajibi ne ya tabbatar da laifin in an je gaban alƙali, ya kuma nuna cewa ya ba wanda ake tuhuma damar kare kansa.

Abu na biyu, ba dukan ma'aikata ne doka ta ɗora a kan sikeli ɗaya ba. Akwai wanda aikinsa ya dogara kacokan a kan yarjejeniyar da ke tsakaninsa da mai kamfani, akwai kuma wanda wata doka ta ƙasa ce ta tsara yadda za a ɗauke shi da yadda za a rabu da shi, kamar ma'aikacin gwamnati da aka tabbatar da shi da malamin jami'a. Bambancin da ke tsakanin waɗannan biyu shi ne bambancin wanda kotu za ta mayar kan kujerarsa da wanda za ta ce a ba shi 'yan kuɗi ya kama gabansa.

Ubangida Da Bara

Ƙa'idar da Nijeriya ta gada daga Ingila ita ce wadda lauyoyi ke kira dangantakar ubangida da bara. A ƙarƙashinta mai kamfani yana da ikon sallamar ma'aikaci da dalili mai kyau, ko da dalili maras kyau, ko ma ba dalili sam, muddin dai ya ba da notis ɗin da aka yi yarjejeniya a kansa. In bai ba da notis ba, iyakar abin da kotu za ta sa ya biya shi ne albashin wannan wa'adi. Kotu ba ta tilasta wa ubangida ya zauna da baran da ba ya so. Kotun Ƙoli ta jaddada wannan a shekarar 1993 a shari'ar Chukwumah da kamfanin mai na Shell, inda ta yarda an saɓa ƙa'ida wajen sallamar, amma duk da haka ta ce abin da ma'aikacin zai samu bai wuce kuɗin notis da sauran haƙƙoƙinsa na wannan wa'adi ba.

A duba yadda abin yake a zahiri. Mutum ya yi shekara 20 yana bauta wa kamfani, ƙuruciyarsa ta ƙare a can, ran da aka gaji da shi sai a ba shi albashin wata ɗaya a ce an cika doka. Wani abin mamaki kuma, Turawan Ingila da suka kawo mana wannan ƙa'ida sun gyara tasu tun 1971, lokacin da majalisarsu ta kafa dokar da ta ba ma'aikaci ikon ƙalubalantar korar rashin adalci. Mu kuwa muka ci gaba da riƙon tsohuwar har wajen shekara 40 bayan haka.

Dokar Ƙwadago ta 1974, wadda har yanzu ita ce ke aiki, ba ta rushe wannan ƙa'ida ba, amma ta kafa wasu iyakoki da ya kamata kowane ɗalibi mai shirin shiga aiki ya haddace. Sashe na 7 ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci takarda mai bayyana sharuɗɗan aikinsa kafin cikar wata uku da fara aiki. Sashe na 11 ya ƙayyade mafi ƙarancin notis: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku yana aiki ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga wanda ya yi shekara biyu amma bai kai biyar ba, wata ɗaya ga wanda ya yi shekara biyar ko fiye. Sashe na 9 ya haramta korar mutum don ya shiga ƙungiyar ƙwadago, sashe na 54 kuma ya hana a ba mace notis ɗin sallama tana cikin hutun haihuwa.

Sai dai dokar tana da giɓi babba. A ma'anarta, ma'aikaci shi ne mai aikin ƙarfi ko aikin akawu. Manaja da injiniya da likita da sauran masu aikin gudanarwa ko na ƙwarewa ba su shiga ciki ba, su takardar yarjejeniyarsu ce madogararsu.

Ma'aikacin Gwamnati Ba Baran Kowa Ba Ne

A nan ne labarin ya fi daɗin ji, domin Kotun Ƙoli ta yi rawar gani a shekarun 1980. A da ana ɗauka cewa ma'aikacin gwamnati yana aiki ne iyakar ganin damar hukuma, kamar yadda yake a zamanin mulkin mallaka. Shari'ar Shitta-Bey ce ta kawar da wannan fahimta. Shi lauya ne a Ma'aikatar Shari'a ta Tarayya wanda aka yi wa ritayar dole ba tare da bin ƙa'idojin aikin gwamnati ba. Babbar kotu ta ce ritayar ba ta halatta ba, amma Hukumar Kula da Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ta yi kunnen uwar shegu, ta ƙi mayar da shi. Bai gaji ba, ya bi matakan shari'a har Kotun Ƙoli, wadda a shekarar 1981 ta yanke cewa ƙa'idojin aikin gwamnati suna da ƙarfin doka, ta kuma umurci Hukumar ta mayar da shi bakin aikinsa.

Bayan shekara huɗu, a 1985, sai shari'ar Olaniyan da Jami'ar Ikko ta biyo baya. Shaihunan malamai uku ne jami'ar ta sallama bayan rahoton wani kwamitin bincike ya zarge su da rashin ɗa'a, ta ba kowannensu albashin wata shida a madadin notis, tana ganin ta fita haƙƙinsu. Kotun Ƙoli ta ce sam, tun da zargin laifi ne tushen sallamar, dole a bi sashe na 17 na dokar da ta kafa jami'ar, wanda ya ce a sanar da malami abin da ake zarginsa da shi, a ba shi damar kare kansa. Da yake ba a yi haka ba, sallamar ta zama kamar ba a yi ta ba, aka mayar da su kan muƙamansu.

Ɗalibai ma suna da rabo a wannan babi. Bayan tarzomar da aka yi a Jami'ar Maiduguri a watan Fabrairu na 1983, an kori wasu ɗalibai bisa rahoton wani kwamiti wanda Mataimakin Shugaban Jami'ar ya shugabanta, alhali shi kansa yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa. A 1986, a shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, Kotun Ƙoli ta soke korar, ta ce mutum ba ya zama alƙali a kan abin da ya shafe shi. Wannan ƙa'ida ta jin ta bakin wanda ake tuhuma a gaban mai hukunci marar son zuciya ita ce ke sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999, kuma ita ce ginshiƙin kusan duk shari'ar kora da ma'aikacin gwamnati ya taɓa ci.

Gwamnatocin soja ba su ji daɗin wannan ba. A 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta kafa dokar soja mai lamba 17, wadda ta ba hukuma ikon kora ko yi wa ma'aikaci ritaya, ta kuma hana kotuna sauraron ƙara a kan haka. Duk da wannan, alƙalai sun sami ƙofar da za su bi, suka riƙa cewa sai an nuna musu shugaban ƙasa ko gwamna ko wanda suka wakilta ne da gaske ya ba da umurnin, ba wani shugaban ma'aikata da ya fake da dokar don ya huce haushinsa ba.

Amma kada mai karatu ya zaci cin shari'a abu ne na kwana biyu. A 2001 Jami'ar Ilorin ta sallami malamai 49 saboda shiga yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i. Sai a 2009 Kotun Ƙoli ta mayar da su, biyar a watan Yuni, sauran 44 a watan Disamba, tare da umurnin a biya su albashinsu na duk shekarun. Shekara takwas ke nan ana fafatawa, kuma wasu daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya kafin ranar hukunci ta zo.

Sabon Zamani A Kotun Ma'aikata

Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tsohuwa ce, an kafa ta da dokar soja mai lamba 7 ta 1976 ta fara zama a 1978, amma ta daɗe ba ta da cikakken ƙarfi saboda Tsarin Mulki bai lissafa ta cikin manyan kotuna ba. Gyara na uku da aka yi wa Tsarin Mulki, wanda ya fara aiki a watan Maris na 2011, shi ya canza al'amarin. Sashe na 254C ya ba ta ita kaɗai ikon sauraron duk wata ƙara da ta shafi aiki da ƙwadago, ya kuma ba ta damar duba abin da aka kira rashin adalci a harkar aiki tare da yin la'akari da kyakkyawar al'adar ƙasashen duniya.

Da wannan makami ne alƙalan kotun suka juya ga Yarjejeniya mai lamba 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka ƙulla a 1982. Wannan yarjejeniya ta ce ba a sallamar ma'aikaci sai da ingantaccen dalili da ya shafi iya aikinsa, ko halayensa, ko bukatar ma'aikatar ta rage ma'aikata. Ta kuma lissafa abubuwan da ba za su taɓa zama dalili ba, kamar shiga ƙungiya, kai ƙarar mai kamfani, addini, jinsi, ra'ayin siyasa, juna biyu, ko ɗan hutun rashin lafiya. Maƙwabtanmu Nijar sun amince da ita tun 1985, Kamaru kuma a 1988. Nijeriya ba ta sa hannu ba, amma Kotun Ma'aikata ta ce yarjejeniyar shaida ce ta kyakkyawar al'adar duniya wadda Tsarin Mulki ya ba ta izinin aiki da ita. A 2015, a shari'ar Aloysius da bankin Diamond, ta faɗa ƙarara cewa zamanin sallamar mutum ba dalili ya wuce.

Batun diyya ma ya motsa. A watan Disamba na 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hukuncin da ya sa kamfanin Sahara Energy ya biya wata ma'aikaciyarsa albashin shekara biyu cur, maimakon kuɗin notis na ɗan wa'adi, saboda an raba ta da aikinta ba bisa ƙa'ida ba kuma an ɓata mata suna. Gaskiya ne manyan kotuna ba su gama magana da murya ɗaya ba, don har yanzu akan sami hukuncin da ya koma wa tsohuwar ƙa'idar ubangida da bara. A ganina wannan aikin Majalisar Tarayya ne, ita ya kamata ta raba gardama ta rubuta haramcin korar rashin adalci ɓaro-ɓaro cikin Dokar Ƙwadago, maimakon a bar makomar mutum ta dogara da ɗakin alƙalin da fayil ɗinsa ya faɗa.

Rage Ma'aikata

Idan ma'aikata sun yi wa kamfani yawa, sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya ce a sanar da ƙungiyar ma'aikata dalilin ragewar da yawan waɗanda abin zai shafa, a bi tsarin wanda ya zo ƙarshe shi zai fara tafiya, tare da la'akari da ƙwarewa da amana, sa'an nan a yi iyakar ƙoƙari a daidaita kan kuɗin sallama. Mutanen Kakuri a Kaduna sun san yadda wannan yake ƙarewa in kamfani ya durƙushe. Masaƙar Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekara da shekaru suna bin haƙƙoƙinsu, da yawa suka mutu ba su karɓa ba.

Gwamnati ma takan yi irin wannan sallama ta taron dangi. A 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta ba da sanarwar rabuwa da malaman firamare 21,780 waɗanda ta ce sun faɗi jarrabawar gwaji, tana mai cewa ceton ilimin yara ne ya tilasta mata. Ƙungiyar malamai ta ƙi amincewa, ta shiga yajin aiki a watan Janairu na 2018. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, amma tambayar da shari'a ke yi a irin wannan hali ɗaya ce: shin an bi ƙa'idar da ta tsara aikin kowane mutum ɗaya daga cikin waɗanda aka sallama?

Abin Da Ya Kamata A Yi

Shari'ar kora shari'ar takardu ce. Wanda ya je kotu ba takardar kama aiki, ba takardar tabbatarwa, ba littafin sharuɗɗan aiki, da wuya ya kai labari, domin nauyin nuna sharaɗin da aka karya yana wuyansa ne. A ajiye kwafin waɗannan takardu a gida, ba a aljihun teburin ofis ba, don ran da abin zai faru sau da yawa maigadi ba ya barin mutum ya koma ciki.

Takardar tuhuma kuwa kada a raina ta. Akwai ma'aikatan da ke jin haushi su ƙi ba da amsa, suna ganin an ci mutuncinsu, ba su san sun sarayar da damarsu da hannunsu ba. Kotuna sun sha cewa wanda aka ba takardar tuhuma da isasshen lokacin amsawa an ji ta bakinsa ke nan, ko ya amsa ko bai amsa ba. A amsa cikin wa'adin da aka ɗiba, cikin ladabi, a kan batun da aka tambaya, a riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Haka kuma ƙa'idojin aikin gwamnati sun tanadi cewa wanda aka dakatar na wucin gadi ana bincikensa yana karɓar aƙalla rabin albashinsa, in an wanke shi a biya shi ragowar. Wani tarko kuma da ya zama ruwan dare, musamman a bankuna, shi ne a kira mutum ofis a ce ya rubuta takardar ajiye aiki don kare mutuncinsa. Kotun Ma'aikata tana ɗaukar ajiye aiki na dole a matsayin kora, amma tabbatar da tilascin bayan mutum ya sa hannu aiki ne ja.

Sai maganar lokaci, wadda ta kashe ƙararraki masu yawa tun ba a taɓa gundarinsu ba. Dokar Kare Jami'an Gwamnati ta ce duk mai ƙarar wata hukuma ko jami'inta kan abin da ya yi a bakin aiki ya shigar da ita cikin wata uku. Kotun Ƙoli ta yi hukunce-hukunce masu karo da juna kan ko wannan doka ta shafi yarjejeniyar aiki, saboda haka hanyar tsira ita ce ma'aikacin gwamnati ya ɗauka ta shafe shi. Da yawa sukan ɓata wata shida ko shekara suna rubuta takardun roƙo, suna bin sarakuna da manyan gari su sa baki, kafin su farga ƙofa ta rufe, domin rubuta takardar roƙo ba ya tsayar da ƙidayar kwanakin.

Kotun Ma'aikata tana da hedkwata a Abuja da rassa a garuruwa da dama, ciki har da Kano da Kaduna da Sakkwato da Jos da Bauci da Yola, tana kuma da cibiyar sasantawa ga waɗanda suka fi son a daidaita ba tare da doguwar shari'a ba. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya fara kai kukansa ga ƙungiyarsa, ko ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharsa, ko Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda gwamnatin Murtala ce ta kafa ta a 1975, marigayi Alhaji Yusuf Maitama Sule kuma ya zama shugabanta na farko. Hukumar ba ta karɓar ko kwabo, amma ba ta duba ƙorafin da ya wuce wata 12 da faruwa. Ga wanda ke cikin tsarin fansho na adashi, Dokar Fansho ta 2014 ta ba shi damar cirar kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunsa idan ya yi wata huɗu da rasa aiki bai sami wani ba.

Duk wannan bayani ya fi amfanar mai takarda a hannu. Akwai dubban leburori a masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano, da direbobi da masu gadi da malaman makarantun kuɗi, waɗanda ake kira ma'aikatan wucin gadi ko da sun shekara goma a wuri ɗaya, ba a taɓa ba su takardar da sashe na 7 ya wajabta ba. Su ma doka ta san da zamansu, domin yarjejeniyar aiki ta baka yarjejeniya ce, ana kuwa iya tabbatar da ita da katin shaida na kamfani, ko takardar biyan albashi, ko bayanin banki mai nuna kuɗin da ke shiga kowane wata, ko shaidar abokan aiki.